Umma Ma Tana Cikin Tafiyar

Zuwa ga Goggo,

Assalamu alaikum. Gaisuwa ce ta ɗa zuwa ga uwa, da fatan ciwon gwiwar nan ya sassauta, kunnen kuma bai ƙara nauyi ba. Na san in na kira ki a waya ni zan yi ta ihu ke kina ta "na'am?", shi ya sa na nemi biro na zauna. Mu nan lafiya lau. Sarkin Tambaya ya doshi shekara biyar, bakinsa har yau bai san hutu ba. Kurciya ta cika uku, ta ɗan yi mura ta warware. Uwarsu tana can makarantar koyon aikin jinya, karatu ya riƙe ta.

Tafiya ce ta taso mana, mai nisa, wuni guda cur a mota, wataƙila har da kwana a hanya. Ni kuwa walda na sani. Ba ni ƙarfe biyu in haɗa miki su har abada, amma yara biyu a kujera ɗaya sun fi ƙarfina. Jiya na shiga shagon kayan wasa da ke bakin titinmu. Akwai jirgi mai walƙiya, da kare mai haushi in an taɓa bayansa, da motar 'yan kwana-kwana mai jiniya. Mai shagon ya yi ta kunna min su ɗaya bayan ɗaya har kaina ya ɗau ciwo, na fito ban sayi komai ba.

Ke kika ƙarar da ƙuruciyarki a ajin ƙananan yara, ba wanda ya fi ki sanin abin da ke zaunar da su. Ki zaɓa mana. Amma kada abin ya yi ƙara ko kaɗan. Ina son wanda zai ɗauke musu hankali su manta da taga, shi kuma yaron ya manta da tambaya. Ba na son mutanen mota su riƙa waiwayowa suna kallonmu.

Don Allah maganar ta tsaya tsakaninmu, ba sai dangi sun ji ba.

Ɗanki,
Mai Walda

* * *

Ɗana Mai Walda,

Wa'alaikumus salam. Takardarka ta iso, na kuwa ji daɗi, don tun rasuwar mahaifinka, wanda ni da shi kakanmu ɗaya, ban ga rubutunka ba. Ga shi nan har yau kamar kaji sun yi tono. Gwiwa tana nan tana mulkinta. Kunne kuwa 'ya'yan mutane ne suka cinye shi da ihu, ban yi da-na-sani ba.

Ka kyauta da ka tambaya tun da wuri, ba a fafe gora ranar tafiya. To saurara. Duk abin da ke mirginawa ka bar wa mai shago kayansa, ƙwallo ne ko 'yar mota. Direba na taka birki zai gangara ƙarƙashin kujerar wani, ka wuni a durƙushe tsakanin ƙafafun mutane, yaro na tsala ihu a kanka. Duk abin da zai shige bakin Kurciya ka nisance shi, 'yar shekara uku komai sai ta ɗanɗana. Ba baki kaɗai ba ma, na taɓa kai wani yaro asibiti a guje da maɓallin riga a hanci, uwarsa ta zo tana harara ta kamar ni na cusa masa. Alƙaluman kala na kaki narkewa suke a zafin mota, su ɓata maka wando. In abu ya shiga idonsu su duka, ka sayi biyu iri ɗaya launi ɗaya, in ba haka ba alƙalanci za ka yi har ku sauka.

Kada kuma ka zube musu kayan gaba ɗaya. Ka naɗe kowanne a tsohuwar jarida, sai ka ga wannan ya gundure su ka fito da wani. Ɓare takardar ma wasa ne. Sannan tsohon abu ɗaya da yaro ya saba kwana da shi ya fi sababbi goma. Ko ya yi dauɗa, ko ya yage, kada ka kuskura ka bar shi a gida.

Wannan ke nan. Yanzu bari ni ma in zama Sarkin Tambaya. Ina za ku? Ba ka faɗa ba. Yaushe za ku dawo? Ba ka faɗa ba. Duk shekarun da na yi ina aiki, iyaye kan roƙe ni in sa yaro ya daina kuka, ko ya daina cizo, amma ban taɓa ganin uban da ya nemi maganin tambaya ba sai in amsar ce ba ya son bayarwa. Ga kuma "ba sai dangi sun ji ba." Ruwa ba ya tsami banza, ɗana.

Na ji ƙishin-ƙishin tun bara cewa ba da son ranka matarka ta tafi karatun nan ba. Ban sa baki ba, tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa. Amma yau zan tambaye ka kai tsaye: uwar yaran nan ta san da tafiyar? In raba su da ita za ka yi, kada ka sa hannuna a ciki. Ko tsinke ba zan aiko ba sai na ji daga gare ka.

Goggonka

* * *

Goggo,

Ina gaisuwa, muna lafiya. Kin ba ni dariya. Aiki na samu a wani kamfani mai gina madatsar ruwa, sun ce akwai gida. Ban so dangi su ji ba ne sai abu ya tabbata, kin san bakin mutane. Ki kwantar da hankalinki. Umma ma tana cikin tafiyar, ita da Kurciya kujerarsu ɗaya.

Ki ba direban babbar motar da ke tashi daga tasharku kayan wasan, zan karɓa a nan. Lokaci ya ƙure.

Ɗanki

* * *

Ɗana,

Alhamdu lillahi, ka sanyaya min rai. Ka yafe wa tsohuwa, zaman banza ke kawo zargi. Tunda Ummansu na nan, rabin kayan ma ba za a ɓare ba, cinyar uwa ta fi su duka.

Ga kwali nan. Akwai allon zane biyu masu gogewa, na ɗaure alƙalamin kowanne da zare a jikinsa don kada ya faɗi. Akwai littafin yadi da na ɗinka da kaina, mai zif da manyan maɓallai da igiyar takalmi, a yi ta buɗewa ana rufewa. Sarkin Tambaya na sa masa madubin hangen nesa na roba, don ban yarda yaro ya manta da taga ba, wanda ya sunkuyar da kai a mota shi ke amai. Wanda na naɗe da jar takarda na Kurciya ne, wayar wasa ce. Tana da wani kiɗa mai hawa kai, sai na cire batirin na jefar, yanzu ko uffan ba ta cewa. Ka ajiye ta sai hanya ta yi tsawo kowa ya gaji.

Ka gaida min 'yata, ka ce ta riƙe ruwa da tsumma a kusa. Allah ya kai ku lafiya.

Goggonka

* * *

Zuwa ga Goggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa, da fatan jiki da sauƙi. Ni ce matar ɗanki, uwar su Kurciya. Ki yafe min dogon shirun da na yi, jarrabawa ce ta sa mu gaba, kullum muna tsakanin aji da ɗakin marasa lafiya. Lafiyata lau sai kewa. Kewar yaran nan har abinci take hana ni.

Saura kaɗan mu gama, ina so in je musu ba zato ba tsammani. Shekaranjiya na tsaya gaban wani shago ina kallon kayan wasa, sai na ga ban ma san abin da suke so yanzu ba. Yara suna canzawa a bayan idon mutum. Na tsaya nan ina share hawaye kamar wata sakarai, mai shagon na tambaya ko lafiya. Shi ne na ce bari in tambayi gwana. Me zan kai musu tsaraba?

Kurciya dai na san ba abin da zai ture 'yar tsanarta. Kafin in taho na yanka tsohon zanena na ɗinka mata ita, na cusa auduga, na yi mata ido da baƙin zare. Na ce mata, "Ga Umma nan, ki riƙe ta har in dawo." Ai kuwa suna ya bi ta. Duk gidan Umma ake ce mata, har shi Abbansu. Sai ki ji yana cewa, "Ɗauke Umma daga ƙasa," ko "Wa ya zauna a kan Umma?" Wata rana ya ɗaga murya ya ce Umma ta faɗa bokiti, maƙwabciyarmu ta ji ta katanga ta shigo a guje ba ko takalmi.

Abu ɗaya ke ɗan damuna. Kwanakin nan in na kira ba ya ɗauka, in ya ɗauka ya ce yara na barci. Ranar da na samu yaron, sai ya ce min, "Umma, me ya sa aka ɗaure katifa?" Kafin in ce wani abu wayar ta yanke. Na ce wa kaina wataƙila shanya za a kai ta. Kin san shi da zuciya, amma na ɗauka fushin tafiyata ya huce. Ko kin ji daga gare shi?

'Yarki,
Uwar su Kurciya

* * *

'Yata,

Ki yafe min gaisuwa, ba lokaci. Yanzun nan na gama karanta takardarki. Ba ni da lambarki, shi ya sa na ba direba wannan na roƙe shi ya kai har ƙofar makarantarku. Na sa maƙwabciyata ta kira mijinki, wayarsa a kashe.

Mijinki zai tafi da yaran, wai wurin wani aikin madatsar ruwa, bai faɗa min ko ina ne ba. Ya nemi in zaɓa musu kayan wasan hanya. Na tambaye shi ko kin sani, ga abin da ya rubuto min: "Umma ma tana cikin tafiyar, ita da Kurciya kujerarsu ɗaya." Na ɗauka ke ce za ki ɗora ta a cinya. Ina zan san akwai wata Umma ta tsumma? Bai yi min ƙarya ba, ya dai ba ni gaskiyar da ya san zan yi mata gurguwar fahimta. Ni kuma da hannuna na haɗa masa kwalin da zai rufe bakin 'ya'yanki a hanya, har da su cire batir. Abin nan ya tsaya min a rai.

Katifar nan ba shanya za a kai ta ba. Ki bar jarrabawa, ki bar komai, ki hau motar farko da kika samu.

Goggonki

* * *

Goggo,

Na iso, ban same su ba.

Takardarki ta kwana biyu a ɗakin mai gadi kafin a tuna a ba ni. Na tarar da ƙofarmu da sabon kwaɗo. Mai gidan hayar ya buɗe min yana ta kawar da kai, ya ce shi an gaya masa na riga na yi gaba ina jiransu a can. Ba wanda ya san sunan wurin. Abokan aikinsa sun ce ya kwashe kayan waldarsa ya yi musu sallama sama-sama.

Ɗakin wayam. An bar labule ɗaya, da tsintsiya, da akwatina a tsakar ɗaki an ɗaure shi da igiya tsaf, irin ɗaurinsa. Kwalinki na bayan ƙofa ba komai a ciki. A bango akwai layukan fensir da nake auna tsawonsu. Na ga an ƙara sabon layi sama da nawa na ƙarshe, ban san ranar da aka ja shi ba.

Goggo, Umman ma ba ta cikin tafiyar. Na same ta a igiyar shanya ta bayan ɗaki. Ya wanke ta, ya rataye ta ta bushe, ya manta da ita. Tun tafiyata Kurciya ba ta taɓa barci ba sai da ita a hammata. Yanzu ban san a wace hanya 'yata take ba, ban san me take riƙe da shi ba.

Ina gidan maƙwabciya, ba zan motsa ba sai na ji daga gare ki. In ya rubuto, ko layi ɗaya ne, ki tambayi wanda ya kawo daga ina ya karɓo. Tsoro nake ji, Goggo, irin wanda ban taɓa ji ba.

'Yarki

* * *

Goggo,

Ina gaisuwa. Jikinmu lafiya, sauran ban sani ba. Ina rubuto miki daga wani masauki a bayan wata tasha inda manyan hanyoyi biyu suka haɗu. Rabin hanya ne. Ban ƙarasa ba, ban kuma juya ba. Na san zuwa yanzu kin gano wace Umma nake nufi. Ta zaɓi karatu, na ce to ta zauna da karatun. Haka na gaya wa kaina, kuma har yanzu wani ɓangare na zuciyata haka yake faɗa.

Kayanki sun yi aiki. Allunan sun kai mu har hantsi. Littafin yadin ya cinye mana wani dogon daji. Madubin ne kika cuce ni da shi, don duk kwanar da muka sha sai yaron ya hanga ya ce, "Abba, waccan ce hanyar makarantar Umma?"

Da rana ta take Kurciya ta nemi 'yar tsanarta. Na zazzage jaka kaf, sannan na tuna igiyar shanya. Kafin ta fashe da kuka na yi maza na ɓare jar takarda na miƙa mata wayar. Ta juya ta, ta danna nan ta danna can, ba ƙara. Na ce a raina shi ke nan, na tsira.

Sai ta kara ta a kunne. Ba ta yi kuka ba, Goggo, da ma kukan ta yi. A hankali take magana, irin muryar da uwarta ke yi in tana waya kusa da mai barci. "Halo, Umma? Muna mota. Mun ga shanu. Abba ya ce kar mu yi surutu." Ta yi shiru tana gyaɗa kai kamar ana ba ta amsa. Can ta ce, "Umma, mun wuce gada. Ki taho. Ki bi ta wajen shanun." Duk abin da muka wuce sai ta faɗa mata, wai don kada ta ɓata. Motar ta yi tsit, direba ya rage rediyo. Ni da na ce kada a waiwayo, ba wanda ya waiwayo, amma kowa ya kasa kunne. Wata mata a gabanmu tana ta goge ido.

Na sunkuya na ce, "Kurciya, wace Umma kike kira? Ta tsumma ko ta makaranta?"

Ta rufe bakin wayar da tafin hannu, ta dube ni, ta ce, "Wadda ka bari."

Da aka tsaya shan mai a nan na sauke kayanmu. Direba ya ce ai ba mu kai ba, na ce na sani.

Ɗakin gado ɗaya ne da fanka mai ƙugi, tagar na kallon wurin wankin motoci. Ba ta cin abin kirki. Wayar na kunnenta har sai barci ya sace ta. Ta riga ta gaya wa Umma ƙofarmu shuɗiya ce. Yayanta kuma ya daina tambaya gaba ɗaya, yana zaune bakin gado da madubin a cinya. Abin da na roƙa ke nan, na samu, kuma kallonsa ma ba na iya yi.

Motar kamfani za ta biyo ta nan ƙarshen mako ta kwashi ma'aikata. In ta zo ina nan, ina jin shiga zan yi, don ban san da wane ido zan koma in dube ta ba. Can kuwa waya ba ta shiga, hanya ma sai motarsu. Na rubuta sunan masaukin da na tashar a bayan takardar nan. Ban ce ki ba kowa ba. Ban kuma ce kada ki bayar ba.

Ɗanki

* * *

'Yata,

Suna nan lafiya, sun tsaya a rabin hanya. Ga takardarsa na haɗo miki, ki karanta a mota, yanzu dai juya bayanta. Direban da ya kawo miki wannan ta tashar yake bi, na roƙe shi ya ajiye miki kujera. Ƙarshen mako ya matso, kuma na san zuciyar gidanmu, tana juyawa kafin a ce kwabo. Kada ki tsaya shawara da kowa. In kin isa kada ki fara da faɗa, faɗan yana nan yana jiranku, ba inda za shi. Ki nemi shuɗiyar ƙofa.

Kin tambaye ni tsarabar da za ki kai musu, ban ba ki amsa ba. Kada ki sayi komai. Ki sa ta tsumman a jaka, ki rataya jakar a kafaɗa, ki bar hannuwanki biyu ba komai, don ɗaukar yara za su yi. Yarinyar nan ta daɗe da waya a kunne tana kwatanta miki hanya. Ki je ki amsa mata.

Goggonki